Tagwayen benayen Petronas da kewayensu: me ya cancanci kuɗinka da lokacinka a KLCC?

Duk wanda ya sauka a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, karatu ya kawo shi ko asibiti ko saron kaya, kafin ya kwance jakarsa zai ce a kai shi ya ga dogayen benayen nan guda biyu. Zaman da na yi a garin ina karatun injiniyan gini ya mai da ni ɗan rakiyar dole. Duk baƙon da aka ba shi lambata, ƙarshenta a gindin Petronas za mu tsaya yana ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Yawan zuwan ya sa na tsayar da ra'ayi a kan wurin. KLCC, wato ɗaukacin filin da ya ƙunshi tagwayen benayen da kantunan Suria da masallaci da lambu da zauren taro, yana cikin wuraren da aka fi iya tsarawa da na taɓa takawa, kuma mafi yawan abin da ya sa ya yi daɗi kyauta ne. Hawa sama, wanda shi ake yankar wa tikiti, shi zan sa a ƙarshen lissafi.

Sai mutum ya san abin da ke filin a da kafin ya gane yadda aka yi aka sami wannan sarari a tsakiyar birni mai matsatsi. Kuala Lumpur asalinsa sansanin masu haƙar kuza ne, ya fara a 1857 a mahaɗar kogin Klang da na Gombak, daidai inda Masjid Jamek yake a yau. Can ne tsohuwar cibiyar gari, da ofisoshin Turawan Ingila da kasuwannin Sinawa. Titin Ampang kuwa hanya ce mai zuwa ramukan kuza, sai attajiran da kuzar ta azurta suka jera manyan gidajensu a bakinta. A gefen wannan titi ne aka yi filin sukuwa na ƙungiyar Selangor Turf Club tun ƙarshen ƙarni na 19. Kusan shekara ɗari dawakai na zagaye wurin, masu caca na zuba kuɗinsu. Da gari ya faɗaɗa ya haɗiye filin, ranar sukuwa sai titin Ampang ya cushe ba gaba ba baya. Gwamnati ta ce ƙungiyar ta tashi, ta kuwa koma Sungai Besi a kudancin gari a farkon shekarun 1990. Sai ga fili fetal mai eka 100 a unguwar da ƙasa ke tsada, ba gidan talaka da za a rushe, ba bin mutane ɗaya-ɗaya ana cinikin diyya. Birane kaɗan ne ke samun irin wannan sa'ar.

Mutum biyu ake ambata idan ana maganar yadda filin ya zama abin da yake. Ɗaya Mahathir Mohamad, wanda ya riƙe firaminista daga 1981 zuwa 2003 a zagayensa na farko, kuma a 1991 ya shelanta burin mai da Malesiya ƙasa mai arzikin masana'antu kafin 2020. Ɗayan Ananda Krishnan, attajiri ɗan asalin Tamil da ya rasu a Nuwamban 2024, wanda hannunsa ke cikin harkar filin tun farko. Benen Menara Maxis da ke jingine da tagwayen, nan kamfanoninsa suka zauna. Amma kuɗin da ya ɗauki nauyin aikin na Petronas ne, kamfanin man fetur na gwamnati da aka kafa a 1974. Aka fara da gasar tsara filin gaba ɗaya, sannan a 1991 aka yi gasar zanen benayen, César Pelli ya cinye, ɗan asalin Ajantina mazaunin Amurka. Abin da aka ɗora masa shi ne ginin ya nuna daga ƙasar Musulmi ya fito. Shi ya sa idan aka yanka benen a kwance, za a ga murabba'i biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya suka ba da tauraro mai tsini takwas, irin wanda ake gani a adon masallatai da gefen shafin Alƙur'ani. Tsakanin tsini da tsini aka cike da rabin da'ira don a ƙara faɗin ofis, domin ɗan haya ba ya biyan kuɗin lungun da tebur ba zai shiga ba.

A tsarin farko aka yanke cewa rabin filin, eka 50, lambu za a yi da shi. A nawa ganin wannan shawara ta fi tsayin benayen muhimmanci, kuma zan dawo kanta.

Bari in ɗan tsaya kan aikin ginin, tunda nan ne fannina, kuma nan ne na fi jin daɗin ba baƙi labari ko da sun fara hamma. Ƙasar Kuala Lumpur muguwar ƙasa ce ga mai dogon gini. Dutsen farar ƙasa ne a ƙarƙashi, ruwa ya cinye shi ya bar koguna da ramuka, wani wuri dutsen na kusa, taku kaɗan gaba ya nutse can ƙasa. Da aka yi gwaji sai aka tarar inda aka so kafa benayen rabi kan dutse yake, rabi kan ƙasa mai laushi. Gini mai wannan nauyi idan ƙafa ɗaya na kan tauri ɗaya na kan laushi, karkacewa zai yi. Sai aka matsar da ginin gaba ɗaya kimanin mita 60, ya koma inda dutsen ya yi nisa, aka bar nauyin ya rataya a kan dogayen turakun kankare da ƙasa ke riƙewa ta gefe. Kowane bene turaku 104 ne a ƙarƙashinsa, mafi zurfinsu ya kai mita 114. A kansu aka zuba faifan kankare mai kaurin mita 4.5, kuma zubi ɗaya aka yi masa ba tsayawa, awa 54 motocin kankare na bin juna, domin idan aka huta kankaren farko ya fara kamawa, haɗin ba zai zama ɗaya ba. An fara haƙa a Maris ɗin 1993, ginin sama ya tashi a 1994.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan ƙyalƙyalin da ake gani riga ce kawai. Ƙashin ginin kankare ne. Amurkawa sun saba ɗaga dogayen benayensu da ƙarfe, amma a Malesiya sai an shigo da ƙarfen daga waje da tsada, alhali siminti da rodi da ma'aikatan da suka san kankare suna nan a gida. Sai aka yi cibiya ta kankare a tsakiya mai ɗauke da lif da matakala, aka kewaye ta da ginshiƙai 16, masu kaurin da ya haura mita biyu a ƙasa, suna sirancewa yayin da ake hawa. Ginin kankare ya fi na ƙarfe nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa fandishon ya ci wannan wahala, amma yana rage layin da iska ke sa dogon bene ya yi. Sai aka lulluɓe jikin da faranti 33,000 na ƙarfen da ba ya tsatsa da gilashi 55,000. Gilashin ba a bar shi tsirara ba, kowane hawa akwai ƙarfen da ya ɗan fito yana yi masa inuwa, domin garin kusa yake da tsakiyar duniya, rana a tsaye take dukan gini. Don a yi sauri aka raba kwangilar gida biyu. Bene na ɗaya aka ba rukunin da kamfanin Hazama na Japan ke jagoranta, na biyu aka ba Samsung da Kukdong na Koriya ta Kudu. Wanda ya san tarihin ƙasashen nan biyu ya san ba sai an ce musu su yi tsere ba. Koriyawan sun fara a baya amma su suka riga kafa tsininsu a 1996.

Wannan tsinin ne ya jawo rigima. Da shi tsayin ginin ya kai mita 451.9, ya ɗara Sears Tower na Chicago mai mita 442, wanda ya riƙe kambun tun shekarun 1970. Mutanen Chicago suka ce ai rufinsu da hawansu na ƙarshe sun fi na Petronas nisa da ƙasa, kuma gaskiya suka faɗa. Hukumar da ke auna dogayen gine-gine ta ce tsinin da ke cikin zanen gini ana lissafa shi, eriyar talabijin da aka ɗora daga baya ba a lissafa ta. Haka kambun ya bar Amurka ya koma Asiya, ya zauna a Kuala Lumpur har 2004 da benen Taipei 101 na Taiwan ya karɓe. A tagwaye dai har yau ba wanda ya kai su. Sai dai bikin bai zo a lokaci mai daɗi ba. Ma'aikatan Petronas sun fara tarewa a farkon 1997, watanni kaɗan bayan haka rikicin kuɗi na Asiya ya ɓarke. Ringgit, kuɗin Malesiya, da ake canzar da biyu da rabi a dala ɗaya ya faɗi har ya haura huɗu da rabi, sai da gwamnati ta ɗaure shi a 3.80 a Satumban 1998. A cikin wannan ƙunci aka buɗe kantunan Suria a 1998, aka yi bikin buɗe benayen a Agustan 1999. Da wani ɗan kasuwa ne ya ci bashi ya yi ginin yana jiran 'yan haya, da wataƙila kango ya bari. Abin da ya cece shi, mai ginin shi ne babban ɗan hayar, kuma mai sayar da fetur da gas ne da dala.

Yanzu maganar hawa. Tikitin na lokaci ne, ana saye ta intanet ko a kantar da ke ƙasan ginin, kuma na yamma kan ƙare da wuri, don haka kada ka taho da baƙi kana sa ran samu nan take. Yawanci ran Litinin a rufe yake. Baƙo ɗan wata ƙasa na biyan fiye da ninki biyu na abin da ɗan ƙasa ke biya. A da gadar kyauta ake hawanta, mutane su yi sammako su kama layi tun asuba, daga baya aka sa kuɗi aka ƙara da hawa na 86. Tsarin ba shi da hayaniya: a binciki jakarka kamar a filin jirgi, a rataya maka kati mai launi, a haɗa ku rukuni, ma'aikata su ja ku. Zangon farko gadar da ta haɗa benayen biyu a hawa na 41 da na 42, mita 170 daga ƙasa, tsawonta ya ɗan haura mita 58. Baƙi a hawa na 41 suke tsayawa, na 42 na ma'aikatan ginin ne.

Gadar ba a ɗaure take tamau da benayen ba. Ƙafafu biyu ne suka tokare ta daga ƙasa, bakinta kuma yana iya ɗan zamewa ciki da waje, domin kowane bene layinsa daban idan iska ta taso, da an ɗaure ta da ta tsage. Na taɓa yi wa wani kawuna wannan bayani muna tsakiyarta, ina ta zuba kamar mai kare digiri. Ya saurare ni har na gama, ya dubi ƙasa ta gilashi inda motoci suka zama ƙanana, ya ce, "To ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Ƙarashen bayanin ka yi mini shi a ƙasa." An yi gadar ne har da nufin idan gobara ta tashi a bene ɗaya mutane su tsallaka ɗayan. Washegarin harin 11 ga Satumban 2001 aka yi barazanar bam ta ƙarya, aka kwashe benayen biyu lokaci guda, sai aka ga wannan dabara ba ta aiki idan kowa na neman fita, aka sake tsarin ficewa.

Daga gada sai hawa na 86, ana sauya lif a hanya. Abu mafi kyau a can shi ne ganin ƙololuwar ɗaya benen dab da kai, zoben ƙarfe bisa zobe har zuwa tsini, aikin da ba a ganinsa daga titi. In gari ya washe za ka hangi duwatsun da suka kewaye kwarin Klang. Duka-duka ziyarar ba ta cika awa ɗaya ba, kuma a kowane zango kafin ka gama daidaita waya an kira launin katinku. Ga kuma abin da ba laifin kowa ba ne: abin kallo a sararin Kuala Lumpur shi ne tagwayen, kai kuma kana cikinsu. Wanda ke son hoto daga sama da benayen a ciki, hasumiyar Menara KL mai mita 421 da ke kan tudun Bukit Nanas ta fi biya masa buƙata. Haka nan a lura da yanayi. Ruwan la'asar a garin nan kamar da alƙawari yake zuwa, kuma wasu shekarun wajen Satumba hayaƙin ƙunar daji daga tsibiran Sumatra da Borneo kan rufe gari ruf. Tikitin safe ya fi aminci. Wanda bai taɓa hawa dogon bene ba ya hau sau ɗaya, ba asara. Mai iyali da yawa kuwa, kuɗin nan na da wurin da ya fi dacewa da shi a ƙasa.

A farfajiyar gaba, ta wajen titin Ampang, za ka tarar da samari riƙe da waya da fitila suna tallan ɗaukar hoto. Sun iya aikinsu, sun san daidai inda za su durƙusa benayen su fito cif daga gindi har tsini, abin da kai za ka yi ta fama ba ka samu ba. Ba ma'aikatan wurin ba ne, hukumar birni ma kan kore su lokaci-lokaci. A yi ciniki tun kafin a tsaya, a kuma fayyace kuɗin na hoto ɗaya ne ko na duka. Akwai wanda ya yi wa wata baƙuwata hotuna rututu ba ta nema ba, sannan ya lissafa kowanne da kuɗinsa.

Suria hawa shida ne a gindin benayen, da rumfar gilashi a tsakiya mai shigo da hasken rana, abin da ya sa ba ka jin kamar an kulle ka a akwati. Hawan ƙasa na manyan sunaye ne, jakunkuna da agoguna masu kuɗin mota, ni dai wucewa nake yi. Amfanin wurin a wajena yana sama da kuma can ƙasa. A sama akwai kantin littattafai na Kinokuniya, inda ɗalibi zai iya ɓata yini, da Petrosains, gidan kimiyya na yara da Petronas ya yi, mai nuna yadda ake samun mai tun daga ƙarƙashin teku, da na'urorin da yaro zai taɓa da hannunsa. Nan nake cewa a kai kuɗin tikitin. Akwai manyan rumfunan abinci, ana samun nasi lemak (shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa) da shinkafa da kaza da shayin teh tarik a farashin da ma'aikacin ofis ke iya biya kullum, don su ne ainihin masu cin abincin. Tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana kada ka je, benaye ne guda biyu masu hawa 88 suke sauko da mutanensu lokaci ɗaya, kujera sai an yi tsaye a kan mai ci. Mafi yawan rumfunan na da shaidar halal a manne, amma gidajen abincin da ke fuskantar tafki wasunsu na sayar da giya, sai a duba. Akwai ɗakin salla a cikin kantin, da wurin alwala mai tsabta, maza daban mata daban.

Ɗan kasuwa ya sani, Suria ba wurin sari ba ne. Hayar shago a nan na cikin mafi tsada a ƙasar, kuma a kan kaya ake fanshewa. Mai neman waya da kwamfuta ya nufi kantin Low Yat, mai neman yadi da mayafai ya nufi titin Tuanku Abdul Rahman da Masjid India, mai sarin tufafi ya nufi Kenanga. Tsakanin benayen biyu akwai zauren kaɗe-kaɗe na Dewan Filharmonik, kujerunsa ba su kai dubu ba, ana yabon yadda sauti ke fita a cikinsa. Ba harkata ba ce, na bar wa masu ita.

Masallacin As-Syakirin yana gefen lambu, tafiyar mintuna kaɗan daga ƙofar kanti. An gina shi tare da sauran filin, masu sassaƙa daga Uzbekistan suka yi adon ciki, daga baya aka faɗaɗa shi ya koma ɗaukar mutum 12,000 saboda ya yi kaɗan. Ranar Juma'a ce ranar ganinsa. Wajen ƙarfe ɗaya za ka ga ayari na fitowa daga benaye, katin aiki a wuya, darduma a kafaɗa, injiniyan mai da mai gadi da Balarabe ɗan yawon buɗe ido da ɗan Bangaladash mai aikin gini a kusa, sahu ɗaya. Huɗuba da Malayanci ake yi. Mazhabar Shafi'iyya suke bi, za ka ji liman ya bayyana Bisimilla, bayan sallama kuma a yi zikiri da addu'a tare. Gefen masallacin a buɗe yake, iska na ratsawa, ba ka fita jiƙe da gumi. Na ga rukunin ofisoshi da yawa da ake tura masallata can ƙarƙashin ƙasa kusa da wurin ajiye motoci. A nan tun a takarda aka ba masallaci filinsa.

Sai lambun. Roberto Burle Marx ne ya zana shi, ɗan Brazil ɗin da ya yi daɓen bakin tekun Copacabana, kuma ya rasu a 1994 bai ga an gama ba. An dasa itatuwa kusan 1,900 na ƙasar, an kuma bar wasu tsofaffi da ke tsaye tun zamanin sukuwa, za ka gane su da kaurin gindi da faɗin inuwa. Akwai hanyar gudu mai tsawon kilomita 1.3 da aka shimfiɗa wa roba mai taushi, gwiwa ba ta ciwo a kanta. Akwai filin wasan yara mai girman gaske, da wani tafki marar zurfi da yara ke wanka a ciki, duk ba ko sisi. Masu gadin wurin, yawancinsu mata, da usur a baki suke yawo. Babba ya hau lilon yara ko ya taka bakin ruwan da takalmi, zai ji fiit daga nesa, kowa ya juyo ya dube shi. Wannan usur ɗin ne ya sa kayan wasan suka daɗe ba su lalace ba. Da dare daga ƙarfe takwas ruwan tafkin da ke bakin Suria kan yi rawa da fitilu masu launi, mutane su zauna a kan matakala suna kallo. Wanda ke son ganin benayen sosai ya taka zuwa ƙaramar gadar da ke cikin lambun wajen magariba, lokacin da ake kunna fitilun jikinsu.

Abin da ya sa na ce lambun ya fi tsayi muhimmanci, lissafi ne na kasuwa. Eka 50 a wannan wuri da an yanka an sayar da an sami kuɗi mai yawa nan take. Da aka bar shi, sai duk filin da ke kallonsa ya ƙara daraja. Otal ɗin Mandarin Oriental, da zauren taro na Kuala Lumpur da aka buɗe a 2005 da gidan kifaye na Aquaria a ƙarƙashinsa, da bene na uku na Petronas, da otal ɗin Four Seasons da aka gama a 2018, kowannensu da tagar da ke kallon kore yake tallan kansa. Kuma lambun ne ke kawo mutanen da ba su da ofis a wurin. Unguwannin ofisoshi da yawa a duniya da an tashi aiki sai su mutu, titi ya zama ba kowa. KLCC ƙarfe goma na dare ran Asabar ya fi ƙarfe goma na safe ran Talata cika.

Zuwa wurin ba wuya idan ka bar mota. Jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira LRT, na layin Kelana Jaya, wanda ba direba a cikinsa, yana da tasha a ƙarƙashin ƙasa tun 1999, daga ita ka bi rami ka ɓullo cikin Suria ko ɗigon ruwa bai taɓa ka ba. A 2023 aka ƙara tashar wani layin jirgin, MRT, a ɗaya gefen lambun. Daga zauren taro akwai doguwar gadar ƙafa mai rufi da na'urar sanyi da aka buɗe a 2012, tana kai ka har kantin Pavilion a unguwar Bukit Bintang. Da mota kuwa, cunkoson da aka kori dawakai dominsa yana nan a titin Ampang, ya ma ƙaru. Lokacin tashi aiki jirgin ma kan cika maƙil, sai ka bar ɗaya ko biyu sun wuce.

Ofisoshin su ne ainihin dalilin ginin, amma baƙo iyakarsa falon ƙasa. Bene na ɗaya Petronas ne da rassansa, na biyu ana ba da haya, gidan talabijin na Al Jazeera na Ingilishi ma ya taɓa watsa shirye-shiryensa na Asiya daga can. Lif ɗinsu mai hawa biyu ne, ɗaki bisa ɗaki, ɗaya na tsayawa a hawa mai mara ɗaya a mai cika, don a kwashi mutane da yawa ba tare da ramukan lif sun cinye faɗin ofis ba. Sanyin da ake ji a duk gine-ginen daga tasha guda yake zuwa, ruwan sanyi ake turowa ta bututu. Mallakar benayen yanzu na hannun wani asusun gidaje da ke kasuwar hannun jari ta Malesiya, mai bin ƙa'idar Musulunci, Petronas na biyansa haya.

Inda wurin ya gaza a idona shi ne yadda ya juya wa maƙwabcinsa baya. Tsallaken kogin Klang akwai Kampung Baru, unguwar Malayawa da Turawa suka keɓe musu tun wajen 1900, har yau da gidajen katako a kan turaku da bishiyoyin ayaba da rumfunan abinci na dare. Tsakaninta da KLCC ba nisa, amma kogi da babbar hanyar sama sun raba su, shekara da shekaru sai an yi dogon zagaye. Sai a 2020 aka buɗe gadar ƙafa ta Saloma ta haɗa su. Ina ba kowane baƙo shawarar ya tsallaka ya ci abincin dare a can, ya fi na kanti araha da ɗanɗano, kuma daga lungunan unguwar benayen sun fi fitowa da girmansu. Masu gine-gine sun daɗe da sa wa unguwar ido, rigimar diyya da gadon filaye ce ta hana su.

Yanzu KLCC ya sami kishiyoyi. Benen Exchange 106 a sabuwar unguwar hada-hadar kuɗi ta TRX ya ɗan ɗara tagwayen tsayi, Merdeka 118 kuwa mai mita 678.9 ya bar su a baya sosai, shi ne na biyu a duniya bayan Burj Khalifa na Dubai. Wasu bankuna sun koma TRX, kuma ofisoshin haya sun yi wa garin yawa, mai tsohon bene sai ya sauke farashi. Kantin da aka buɗe a TRX a 2023 ma lambu aka yi masa, sai dai a kan rufi, eka 10, don ba su da filin sukuwar da za su gada. Abin da nake jiye wa KLCC ba waɗannan ba ne, nasa ne na kusa. Kowace shekara sabon bene na tashi a bakin lambun, Four Seasons ya riga ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da tagwayen ya toshe su daga wasu kusurwoyi, kuma akwai sauran filaye a gefen da aka kewaye da kwano ana haƙa.